Boris ɗin tsakiya: tambayoyi da amsoshi ga mai son mai da keken tsere ya koma mai kafaffiyar giya

Kekunan tsere na gwanjo da ake shigowa da su daga Turai suna isowa Jos da firam mai kyau, amma sau da yawa macanjin giyarsu ya riga ya gaji ko ya lanƙwashe tun a hanya. Shi ya sa wasu ke kwashe tarkacen giyar baki ɗaya, su bar faifai ɗaya a gaba da giya ɗaya a baya, a kafe, ta yadda muddin tayar baya tana juyawa feda ma tana juyawa. Aikin bai fi ƙarfin kowa ba. Sai dai akwai wuri ɗaya da mutane suka fi zubar da kuɗi a banza, shi ne boris ɗin tsakiya: sandar nan da ta ratsa ƙasan firam tare da boris ɗinta da kofunanta, wadda ake ɗaura kiranki a kanta dama da hagu. Masu sayarwa a intanet suna rubuta shi BB. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Malam, dole ne sai na canja boris ɗin tsakiya in zan yi wannan aikin?

Ba dole ba ne. Kafaffiyar giya ba ta da wani boris na musamman nata. In wanda ke jikin keken yana juyawa sumul, ba ya girgiza, kuma ya ajiye faifan gaba daidai da giyar baya, ka bar shi inda yake. Abin da ke sa a canja shi biyu ne: ko ya mutu, ko tsawon sandarsa ya kai faifan gaba wurin da bai yi saiti da giyar baya ba. Na biyun shi ne ya fi faruwa, kuma ba ka sanin haka sai ka ɗaura wilin baya ka auna.

To me zan fara saye?

Boris ɗin tsakiya shi ne na ƙarshe. Wannan ita ce maganar da na fi so kowa ya riƙe, domin ba kai ne mai zaɓensa ba, sauran kayan ne suke zaɓar maka. Firam shi ne zai faɗi irin zaren da faɗin gidan da boris ke shiga. Kiranki zai faɗi siffar bakin sandar. Hob ɗin baya kuma, wato cibiyar wilin da giya ke ɗaure a jikinta, zai faɗi inda sarƙa za ta bi, daga nan ne tsawon sandar zai fito. Wanda ya je kanti ya ce a ba shi boris na keke mai giya ɗaya, bai ɗaura wili ba, bai tsai da kiranki ba, caca ya yi. Ka fara da wilin baya, ka tsai da shawara a kan kiranki, sannan ka ɗauki rula.

Mene ne wannan layin sarƙa da ake ta magana, kuma me ya sa ake tsananta shi haka?

Layin sarƙa shi ne nisan da ke tsakanin tsakiyar keke da tsakiyar haƙoran da sarƙa ke hawa. Akwai na gaba, akwai na baya, kuma ana so su zo ɗaya, sarƙa ta miƙe sak ba karkata. Yawancin hob ɗin da aka ƙera don kafaffiyar giya suna ajiye giyar a wajen milimita 42 daga tsakiya, shi ya sa za ka ji wannan lambar tana yawo a bakin kowa.

A keke mai giya da yawa sarƙa ta saba da karkata, an ƙera ta siririya mai lanƙwasuwa, kuma macanjin giya yana riƙe da ita da sifirin. A kafaffiyar giya babu mai riƙe ta. In ta karkace, gefen haƙori zai riƙa cin gefen sarƙar kamar yadda igiyar guga ke cin bakin rijiya, za ka ji ƙara, kaya su riƙa ƙarewa da wuri. Wannan shi ne ƙaramin sharrin. Babban shi ne sarƙa ta sauka kana cikin gudu. A keken da ke da firiwil sai dai ka ji ƙafa ta tafi fanko, ka tsaya ka mayar. A nan kuwa tana iya maƙalewa tsakanin giya da sifok ta ƙulle wilin baya nan take. Ka ɗauka kana gangarowa daga wajen duwatsun Shere ta hanyar Lamingo, ƙafafu na juyawa da sauri, ga Keke Napep a bayanka. Ba na son wannan ya sami kowa, shi ya sa nake nanata maganar awo har mutane su gaji da ni.

Bambancin milimita ɗaya ba komai ba ne, biyu ma ana zama lafiya da shi. In ya kai huɗu ko biyar, a gyara.

Yaya zan auna a gida, ba ni da kayan aikin makanikai?

Rular ƙarfe mai milimita ta isa. In kana da wanda zai ara maka ma'aunin baniya, kamar masu aikin tana ko masu gyaran inji, ya fi.

Fara da baya. Auna faɗin hob daga notin da ke taɓa firam ta dama zuwa na hagu. Hob ɗin kafaffiyar giya yawanci milimita 120 ne. Raba biyu, 60 ke nan, nan ce tsakiya. Sai ka auna daga fuskar notin dama zuwa tsakiyar haƙoran giya. In ka sami 18, ka cire daga 60, saura 42. Layinka na baya ke nan.

A gaba, ba za ka iya ɗora rula a tsakiyar bututun da sirdi ke shiga ba tunda zagayayye ne. Sai ka jingina kan rular a gefensa na dama, ka duba inda tsakiyar haƙorin faifai ya faɗa, sannan ka ƙara rabin kaurin bututun. A tsofaffin firam na ƙarfe kaurin bututun nan milimita 28.6 ne, rabinsa 14.3. Firam ɗin alminiyam ya fi kauri, shi sai ka auna. Ka ce rula ta nuna 32. Ka ƙara 14.3, ya zama 46 da ɗoriya. Faifanka ya fita waje da milimita huɗu.

Yanzu lissafin sanda. Rufaffen boris na zamani, wanda sanda da ƙwallayensa ke rufe a jiki ɗaya, tsawonsa yana rabuwa kusan daidai dama da hagu, saboda haka in kana son faifai ya shigo da milimita huɗu, sai sanda ta ragu da takwas. In ta jikin keken 115 ce, 107 kake nema. Tsayin da aka fi samu a kasuwa su ne 103, 107, 110, 113, 115, 118 da 122.5, ka ɗauki wanda ya fi kusa. Amma tsohuwar sanda mai ƙwallaye a sake sau da yawa gefenta na dama ya fi na hagu tsawo. In irin ta ce a kekenka, kada ka yi lissafi da jimillar tsawonta, ka auna yadda gefen dama ya fito daga firam ka kwatanta da sabon.

Kafin ka biya kuɗi ka leƙa bayan kiranki. Ka ga yawan sararin da ke tsakanin faifai da ƙafar firam ta baya, da tsakanin gindin kiranki da kofin dama, da tsakanin ƙarshen kiranki da firam a gefe biyun. In za ka shigo da kiranki milimita huɗu, dole kowane ɗayan wuraren nan ya fi huɗu da aƙalla biyu ko uku, don firam yana ɗan lanƙwasa in ka miƙe tsaye kana taka hawa.

Kirankin keken yana da fayafayi biyu, 52 da 42. Zan iya aiki da shi?

Za ka iya, kuma sau da yawa shi ne mafi sauƙin hanya. A ma'aunin kamfanin Shimano, tsakiyar fayafayi biyun keken tsere tana kan milimita 43.5. Na ciki yana faɗawa wajen 41, na waje wajen 46. Ka ga ke nan faifan ciki ya riga ya kusa da 42. Sai ka cire mai 52, ka bar mai 42 a mazauninsa na ciki, ba ka taɓa boris ba. Abin da za ka nema kawai gajerun notocin faifai ne, domin na asalin an yi su ne don su riƙe fayafayi biyu, ba za su matse ɗaya ba. In ba a samu ba, a rage tsawon macen notin da fayil ko a sa washa.

Kuma faifai 42 ya dace da garinmu. Jos tana sama da mita 1,200, ba ta da dogon shimfiɗaɗɗen wuri, ko'ina hawa ne da gangara. 42 a gaba da 16 ko 17 a baya zai kai mutum Bukuru ya dawo da shi ba tare da gwiwa ta yi kuka ba. Masu sa 48 da 15 don sun gani a bidiyon biranen da ba su da tudu, su ne ke tura keke da hannu a hawan farko.

Wasu ba sa son ganin faifai a ciki, suna cewa bai yi kyau ba, sun fi so ya zauna a waje. Shi ne ake buƙatar gajeriyar sanda, kuma shi ne wurin da kunnuwan kiranki na ciki, inda ake ɗaura faifai, ke fara gogar firam. In kuma ka ce za ka sa babban faifai, 46 ko 48, a mazaunin ciki, a firam da yawa haƙoransa za su taɓa ƙafar baya. Gwadawa ce kawai ke raba gardama.

Yaya zan gane irin zaren firam ɗina?

A nan ne ake kashe firam, don haka zan ɗan daɗe.

Na Ingila shi ya fi yawa a duniya. Faɗin gidan milimita 68, a jikin kofin za ka ga an buga 1.37 x 24. Kofin dama zarensa na hagu ne, wato yana kwancewa ne in ka juya shi yadda hannun agogo ke tafiya. Kofin hagu kuma kamar kowane noti. Kusan duk keken Japan da Taiwan da Sin mai zare irin wannan ne.

Na Italiya faɗin gidansa 70, an buga 36 x 24, kuma kofunan biyu duk zaren dama ne. Za ka same shi a Colnago, da Pinarello, da Bianchi da aka ƙera a Italiya, har da tsofaffin Eddy Merckx na Beljiyam. Ana samun rufaffen boris mai wannan zaren, sai dai ka faɗa wa mai sayarwa a fili.

Na Faransa faɗinsa 68 kamar na Ingila, an buga 35 x 1, kofuna biyu zaren dama. Tsofaffin Peugeot da Gitane da Motobécane na shekarun 1970 suna zuwa da shi, kafin kamfanonin su koma na Ingila a cikin shekarun 1980. Akwai kuma ɗan'uwansa na Suwizalan, awo ɗaya ne amma kofin dama zaren hagu. Shi na Faransa shi ne mai yaudara. Kaurinsa ya kusa da na Ingila ƙwarai, don haka kofin Ingila na hagu zai kama, ya shiga zagaye ɗaya ko biyu, sannan ya cije. Mai gyaran da bai sani ba zai ce tsatsa ce, ya sa dogon bututu a sufana ya danna da ƙarfi. Da ya gama, zaren firam ya tafi.

Sai tsofaffin Raleigh na Nottingham, danginsu ɗaya da wanda iyayenmu suka hau. Da yawansu suna da zaren kamfanin na kansa, 26 a inci maimakon 24, gidan kuma ya fi faɗi, 71 ko 76. Kofin Ingila ba zai zauna lafiya a ciki ba.

Ƙa'idar ita ce kofi ya shiga da yatsu zagaye uku ko huɗu kafin sufana ta taɓa shi. In ya ƙi, a dakata a sake dubawa. In kuma kofin ya zurma cikin gidan ba tare da ya kama komai ba, to firam ɗin na Italiya ne kai kuma na Ingila ka sayo.

Firam ɗina na Faransa ne. Na haƙura da shi ke nan?

A'a. In tsofaffin kofunansa ba su da rami ko tsaga a inda ƙwallaye ke bi, ka bar su, ka canja sanda kawai zuwa tsawon da kake so. Kamfanin Velo Orange suna yin rufaffen boris mai zaren Faransa, suna kuma yin wani marar zare da ke matse kansa cikin gidan, wanda ke ceton firam ɗin da zarensa ya lalace. Kamfanin Phil Wood suna da zobba na kusan kowane zare, kuma nasu yana ba da damar matsar da sanda dama ko hagu kaɗan don saita layi, amma kuɗinsa na iya fin kuɗin keken gaba ɗaya. Duk waɗannan sai an yi odarsu daga waje. Ni dai a kan firam ɗin gwanjo, riƙe tsofaffin kofuna na fi ba da shawara.

Na ji ana cewa JIS da ISO. Duk ba murabba'i ba ne bakinsu?

Ma'auni biyu ne na bakin sanda. Duk murabba'i ne, kuma da ido ba za ka raba su ba. Amma bakin ISO ya fi tsukewa kaɗan a ƙarshe. Shimano da SR da yawancin Sugino JIS ne, kuma kusan duk rufaffen boris mai araha da za ka samu a kasuwa JIS ne. Campagnolo na baya-bayan nan da Sugino 75 na filin tsere ISO ne.

In ka sa kirankin ISO a sandar JIS, zai zauna, amma zai tsaya waje da milimita huɗu zuwa biyar, duk lissafinka ya rushe. In ka yi akasin haka, kirankin JIS a sandar ISO, zai zurma ciki da kusan wannan adadin, kuma yana iya zurmawa har kan sanda ya zo daidai da fuskar ramin, noti ya matse a kan sandar maimakon a kan kiranki. Za ka ji noti ya ƙulle tam, amma kiranki na rawa. Hanyar dubawa: bayan ka ɗaure, kwance notin ka leƙa ramin. Ya kamata kan sandar ya tsaya ciki da milimita biyu ko uku, kada ya kawo baki.

Tsohon kirankin da aka sha cirewa ana mayarwa raminsa kan buɗe kaɗan, shi ma yana shiga ciki fiye da sabo. Wannan ma dalili ne da ya sa lambar da wani ya rubuta a intanet cewa kiranki kaza sanda kaza yake so ba ta wuce mafari ba. Awon kekenka shi ne hujja.

Rufaffe zan saya ko mai ƙwallaye a sake?

Ga yawancin mutane, rufaffe. Irin Shimano UN300, ko UN55 da ya gabace shi in ka ci karo da shi, ka ɗaura ka manta da shi shekaru. Yanayinmu ma yana goyon bayansa. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ne, a Yuli da Agusta kusan kullum, kuma ruwan yana bin bututun sirdi ya taru daidai gidan boris. Da hunturu ya shigo kuma sai ƙura mai laushi ta haɗu da giris ta zama abin da ke cin ƙarfe.

Amma kada a raina na dā. Kofi da sanda na tsohon Sugino ko Shimano ko Campagnolo, in an wanke da kananzir, aka zuba sababbin ƙwallaye masu rubu'in inci guda 11 a kowane gefe, aka cika giris, aka saita shi ba girgiza ba cijewa, juyawarsa ta fi ta rufaffe laushi. Ƙwallayen nan kowane mai gyaran keke yana da su. Sharaɗinsa kawai a buɗe shi a sake giris bayan damina, kuma a tabbata robar nan mai kama da bututu da ke kare shi daga ciki tana nan.

In za ka sayi rufaffe, ka riƙe shi a hannu ka murza sandar da yatsu. Ya kamata ka ji ta da ɗan nauyi amma sumul, ba tsakuwa-tsakuwa ba, kuma ba ta motsi gefe. Jabu na yawo da sunan manyan kamfanoni, araha kuwa ba ta ado. Kuma ka hana yaran wankin mota harba ruwan famfo mai ƙarfi a wurin, ko rufaffe ne ba ya jurewa.

Kekena na zamani ne, boris ɗinsa a waje yake, sandar a manne da kiranki.

Irin Hollowtech II ke nan na Shimano, mai sanda milimita 24, ko makamantansa. A nan ba ka da zaɓin tsawo, sandar ta kiranki ce. Saitin layi sai dai ta wurin sa faifai a mazaunin ciki ko na waje, ko siririyar washa tsakanin faifai da kunnen kiranki, ko kuma a gyara daga baya. In gidan firam ɗin mai zare ne, kana iya kwashe duka ka koma mai bakin murabba'i, wanda shi ya fi ba da sararin saiti.

In bambancin milimita biyu ne kacal, sai na sake sayen wani?

A'a. In faifai ya shige ciki, washa ta milimita ɗaya ko biyu a bayan leɓen kofin dama za ta fito da shi. Washar da ake sawa a bayan firiwil tana shiga kofin Ingila daidai, don zarensu ɗaya ne. In faifai ya fita waje ne, ana iya matsar da hob ɗin baya: a ɗauke washa daga dama a mayar hagu, sannan a sake saita sifok don rim ya dawo tsakiya. Wasu giyoyin baya ma kafaɗarsu ta fi ta wasu kauri, canja giya kaɗai na iya ba ka milimita ɗaya.

Ka kuma tuna faɗin firam a baya. Tsofaffi masu giya biyar 120 ne, masu shida da bakwai 126, daga takwas zuwa sama 130. In ka sa hob mai 120 a firam mai 126, ka ƙara washa milimita uku a kowane gefe, layin zai tsaya a 42. In ka zuba duka shidan a gefe ɗaya, ka karkatar da shi da hannunka.

Bakin firam ɗina na baya a tsaye yake, wili ba ya matsawa gaba ko baya. An ce akwai boris da ke ja sarƙa.

Akwai. Sandarsa ba ta zauna a tsakiyar gidan ba, in ka juya shi sai ta matsa gaba ko baya ta ja sarƙar. Ana yin sa don manyan gidaje marasa zare irin PF30, akwai kuma 'yan kaɗan na gidan Ingila masu aiki da sanda 24. White Industries suna da hob mai suna ENO da ke yin wannan aikin daga baya. Duka suna da tsada kuma sai an yi oda. Rabin gaɓar sarƙa tare da gwada haƙora daban-daban wani lokaci yana dacewa, amma da sarƙa ta ɗan miƙe sai ta saki.

Abin da ba a yi sam shi ne sa abin jan sarƙa mai sifirin, ko barin tsohon macanjin giya ya riƙe ta. Yana aiki a keke mai giya ɗaya da firiwil. A kafaffiya, ranar da ka danne feda baya, ƙasan sarƙar ne ke ɗaukar nauyi, zai fizge abin ya cusa shi cikin wili. In ba ka riga ka sayi firam ba, nemi tsohon ƙarfe mai doguwar tsaga a kwance.

Mai gyara ya ce zai ɗaura giya a tsohon hob ɗina ya danne ta da zoben tsohon boris. Ya halatta?

Zoben zai shiga, tunda zaren firiwil da na kofin Ingila ɗaya ne. Matsalar ita ce giyar da zoben duk gefe ɗaya suke kwancewa, in ka taka baya da ƙarfi za su iya warwarewa tare. Hob na gaskiya yana da zare hawa biyu: giya a kan babba mai zaren dama, zoben kulle a kan ƙarami mai zaren hagu, yadda in giya ta nemi kwancewa sai ta ƙara matse zoben. Shi nake so ka nema. Walda kuma kada ta kusanci wurin.

Kowanne ka yi, ka bar birkinka, na gaba dai ko ta halin ƙaƙa. A cunkoson Terminus ko shataletalen Hill Station ba wanda zai ba ka filin tsayawa da ƙafa.

Gajeriyar sanda za ta hana feda taɓa ƙasa a kwana?

Tana taimakawa kaɗan, don feda ta matso ciki. Amma abin da ya fi tasiri tsawon kiranki ne. Firam ɗin keken tseren kan hanya gindinsa ya fi na filin tsere kusa da ƙasa, kai kuma ba ka da ikon tsai da feda a sama in ka shiga kwana. Kiranki mai milimita 165 ya fi 170 ko 175 kwanciyar hankali, haka ma feda marar faɗi. Tsawon a rubuce yake a bayan kiranki kusa da ramin feda.

Me zan lura da shi wajen ɗaurawa?

A cire kiranki da fula, wato ƙarfen zare kiranki daga sanda, ba da guduma ba. Zaren fula na kowa milimita 22 ne, amma tsohon kirankin TA 23 ne, tsohon na Stronglight kuma 23.35, in aka sa na kowa a cikinsu zai tsige zaren. Kafin a sa fula a tabbata an ciro washar da ke ƙarƙashin notin. A wanke zaren gidan da tsohon buroshin haƙori da kananzir, a shafa giris sosai. Rufaffen boris na Shimano yana son makulli mai haƙora 20, ba kurfi da guduma ba. Jikin boris yana shiga ta dama, ya matse har leɓensa ya zauna a fuskar firam, sannan kofin hagu. Shimano sun ce a matse kofuna Nm (ma'aunin ƙarfin matsa noti) 50 zuwa 70, notin kiranki 35 zuwa 50, wato matsa ta gaske da doguwar sufana. In zaren Italiya ne ko na Faransa, kofin dama yana da halin kwance kansa a kan hanya, a matse shi iyakar ƙarfi, in da maganin kulle zare a ɗiga.

In kana juya feda da hannu don duba aiki, ka nisanta yatsu da tsumma daga sarƙa, ka kuma kori yara daga wurin. Wilin da ke juyawa ba ya tsayawa don yatsa ya shiga tsakanin sarƙa da haƙori.

Na gama, amma sarƙa tana tauri a wani wuri tana saki a wani, faifan kuma yana ɗan rawa. Boris ɗin ne?

Taurin da saki yawanci daga faifai ne, bai zauna a tsakiyar kunnuwan kiranki ba. Sassauta notocin faifai kaɗan, juya zuwa inda sarƙa ta fi tauri, ɗan bubbuga faifan ta gaba da ƙotar sukudireba don ya ja baya, ka sake juyawa, har taurin ya ragu, sannan ka matse su ɗaya bayan ɗaya kana tsallake na kusa. A saita jan sarƙar a wurin da ta fi tauri, ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita ɗaya.

Rawar gefe kuwa tana iya zama faifai, ko kiranki, ko sanda ta lanƙwashe. Sa alamar alli a haƙorin da ya fi fitowa waje. Cire kiranki da fula, juya shi rabin zagaye a kan murabba'in sandar, ka mayar ka matse. In har yanzu haƙorin mai alli ne ke fitowa, laifin faifai ne ko kiranki. In rawar ta koma ɗaya gefen, sandar ce, sai a canja ta. Kada ka manta ka mai da kirankin mazauninsa daidai da na hagu bayan gwajin.

In kuma ƙara kake ji ƙyas-ƙyas duk lokacin da ka danna, duba feda da notocin faifai da sirdi kafin ka zargi boris. Notin kiranki a sake duba shi sau ɗaya bayan hawan kwanakin farko. In ka ji kiranki ya fara motsi a kan sanda kana hanya, sauka ka tura keken zuwa wurin mai sufana, domin tafiyar 'yan kilomita a haka ta isa ta buɗe ramin alminiyam ɗin yadda ba zai sake kamawa ba.